Yatsun Mulikatu

Mulikatu mai kitso ce a unguwar Maamobi da ke Accra. Rumfarta tana jingine da bangon gidan da take haya, benci ɗaya da kujerar tsuguno da madubi mai tsaga a gefe. Mata suna shigo mata tun daga Nima, wasu ma har daga unguwar Madina suke hawo trotro, motar haya, saboda kitsonta yana daɗewa kuma ba ya cin gaban goshi. Mijinta ya rasu da daɗewa. Da kitson ta raini 'yarta Lariba har ta aurar da ita.

Abin ya fara mata ne a kan yatsu. Idan ta tashi da safe sai ta ji kamar tururuwa na yawo a cikinsu. Takan yarfe hannun, ta shafa man zafi, ta buɗe rumfa. Bayan 'yan watanni tururuwar ta daina, sai ta ce Alhamdulillahi. Amma kuma ta lura idan ta sa hannu cikin gashi ba ta jin silinsa kamar da. A da tana kitso tana hira, idonta a kan hanya. Yanzu sai ta sunkuya ta ƙura wa kan ido kafin ta san abin da yatsunta suka kama.

Wata Alhamis Mas'uda mai sayar da waakye, shinkafa da wake, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta zo a yi mata shuku. An yi rabi sai Mas'uda ta fara mutsu-mutsu.

"Yaya Mulikatu, sassauta mini mana. Yau hannunki da nauyi."

"Ai ban ja ba."

"Kin ja. Har cikin idona nake ji."

Mulikatu ta duba. Fatar gefen kan ta ɗaga, akwai ɗigon jini a gindin gashin. Ta ba ta haƙuri, ta warware layin, ta ɗauki tsinke za ta sake tsaga. Tana ta kai hannu a kan, layin ya ƙi fita. Mas'uda ce ta sunkuya ta ɗauko tsinken daga ƙasa ta miƙa mata. Ya faɗi tun ɗazu, ita kuwa tana jin kamar yana hannunta.

Mas'uda ba ta faɗa wa kowa ba, amma bayan ta an yi wasu. Wata an ƙona mata kunne da ruwan zafi wajen gyara bakin ƙarin gashi, wata kitsonta ya warware kafin Juma'a ta zagayo. A hankali benci ya zama babu kowa.

Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, ta jiƙa saiwoyin da wata 'yar garinsu ta aiko mata daga arewa. Ana cikin haka ƙafafu suka shiga. Ta fara jan ƙafa, tsallake kwata ya zama aiki. Wata rana ta dawo daga kasuwar Nima da takalmi ƙafa ɗaya, ba ta san inda ɗayan ya zame ba. A ranar ne Lariba, da cikinta ya fara fitowa, ta ce gobe asibiti za su.

An yi ta aika su daga wannan ɗaki zuwa wancan kafin suka kai ga likitar jijiya, wata mace mai gilashi da ke magana da harshen Twi. Ta sa Mulikatu ta rufe ido, ta shafa mata auduga a kumatu.

"Na ji," in ji Mulikatu.

Ta shafa a kafaɗa, ta ji kaɗan. Daga nan ba ta ƙara jin an taɓa ta ba.

"Ku ci gaba mana," in ji Mulikatu.

"Mma, tana ta taɓa tafin hannunki," in ji Lariba. "Har da allura."

Likita ta kama babban yatsanta ta ɗaga, ta tambaya sama yake ko ƙasa. Mulikatu ta ce ƙasa. Likita ta buga mata 'yar gudumar roba a gwiwa, ƙafar ta yi tsalle da ƙarfi ba da izininta ba.

Da hoton wuya ya fito suka koma. Likita ta nuna wani farin zare da ya sauko ta tsakiyar ƙasusuwa, ta ce wannan ita ce laka. Duk abin da fata ta taɓa, ta nan saƙon yake hawa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma idan mutum ya so motsa yatsa, ta nan umarnin yake sauka. Ta sa bakin biro a wani wuri da zaren ya matse. Ƙasusuwan wuyan sun goge, sun yi tsiro, suna danne lakar. Yatsun lafiyarsu lau, hanyar ce ta toshe. Sai ta tambaya ko Mulikatu ta taɓa ɗaukar kaya masu nauyi a ka.

Tun Mulikatu ba ta yi nono ba aka sauke ta a Accra daga ƙauyensu, aka miƙa mata kwanon dako a kasuwar Makola. Ta ɗauki doya, ta ɗauki buhun shinkafa, ta ɗauki katan na man gyaɗa har da goyon Lariba a baya. Ta koyi kitso ne don ta rabu da wannan kwanon.

"Na ɗauka," in ji ta.

Likita ta yi bayani mai tsawo. Lariba ta juyo tana murmushi.

"Ta ce za a yi miki aiki a wuya, ki samu sauƙi."

"Lariba, a Makola na girma. Ina jin Twi." Ta kalli hoton. "Cewa ta yi aikin zai hana ƙafafuna mutuwa. Hannun kuma, abin da ya tafi da wuya ya dawo, don mun makara."

Lariba ta sunkuyar da kai.

An yi aikin, 'yan uwa da mutanen masallacin unguwa suka tsaya mata. Ta fito da tabo a gaban wuya da abin roba mai tallafe haɓa. Ƙafafun sun tsaya inda suke, tana tafiya da sanda. An ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, da wake a kwano ta riƙa tsinta. Ta yi da safe, ta yi da yamma. Tana kallon yatsun tana ce musu su rufe, su rufe rabi su tsaya. Idan ta kau da ido, ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado.

Da ta ɗan ji ƙarfi ta kira Lariba ta ce ta kwance kanta. Lariba ta zauna a tsakanin ƙafafunta kamar lokacin tana yarinya. Mulikatu ta san inda kowane sili zai bi, kitson duka yana nan a cikin kanta. Ta raba gashin uku, ta ɗora na dama a kan na tsakiya, na hagu ya suɓuce. Ta sake. Har aka kira la'asar ba ta kai ƙarshen layi ɗaya ba.

"Ya yi kyau, Mma. Gobe mu ƙarasa."

"Ɗaura ɗankwalinki," in ji Mulikatu. Washegari ta aika wa mai gidan cewa ya ba wani rumfar. Wani mai gyaran waya ya karɓa.

Yanzu Mas'uda ce take zuwa ta ɗaura mata zane, ta gwada mata zafin ruwan wanka. Tuwo da cokali take ci, shi ma a dunƙule cikin tafi. Carbi ta daina ja, don ba ta sanin ko ƙwayar ta wuce.

Lariba ta haifi mace. Ranar suna aka kafa rumfa a lungun gidan mijinta a Nima, mata sun cika tsakar gida da fararen kaya. Aka zaunar da Mulikatu a kan kujera, uwar mijin Lariba ta kawo jaririyar ta ɗora mata a hannu.

"Ga takwararki, Hajiya."

Mulikatu ta ga yarinyar a hannunta, amma ba ta ji nauyinta ba. Ta kasa ɗaga ido ta amsa wa masu barka, don ta san idan ta daina kallo ba za ta san ko tana riƙe da ita ba. Yarinyar ta miƙa hannu ta damƙe mata ɗan yatsa. Matan suka yi dariya, wata ta ce ta gane kakarta.

"Riƙon da ƙarfi?" Mulikatu ta tambayi Lariba a hankali.

"Da ƙarfi, Mma."

"To karɓe ta kafin in yar da ita."

Lariba ta ɓamɓare 'yan yatsun ta ɗauke yarinyar. Mulikatu ta ce wa Mas'uda ta miƙo mata sanda, ta gaji, tana so ta koma Maamobi. Ba ta jira an raba abinci ba.