Makullin Ogan

"Ba ni na hana ba, Inna Notburga," in ji Fada, yana gyara baƙin mayafin da aka rufe gicciye da shi. "Daga Alhamis zuwa Ista ba a kaɗa ƙararrawa, ba a taɓa ogan. Makaɗinmu Vinzenz ya fi kowa sani."

Wai ya fi kowa sani! Notburga ta ji kamar ta fizge mayafin ta watsa masa a fuska. Ai da saninsa yake kulle ogan ɗin, babban abin kiɗan cocin mai bututu, da hannunsa duk Alhamis ɗin Makon Tsarki, tun suna da sauran baƙin gashi. Jiya ma haka ya yi. Ya jefa makullin a aljihun kwat, ya tako gida, ya faɗi a bakin ƙofarsa. Ita ce maƙwabciyar da ta fito da tsumman goge tukunya a hannu ta tarar ya cika.

Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma ta cikinsa ta sha jin waƙar nan har ta haddace. Addu'ar matattu ce ya sa wa kiɗa, don ranar jana'izarsa. Yakan ce manyan mawaƙan birnin Vienna duk a durƙushe suka rubuta tasu, shi ma ba zai je gaban Ubangiji hannu rabbana ba. Ita kuwa sai ta buga bangon da muciya ta ce masa tsoho mai taurin kai, ya bar mutane su ji da miyarsu. Amma ranar da ya roƙe ta ta tsaya a kaɗa masa ita, ta ɗauki alkawari.

Fada ya ce akwai mafita: a jira Talata, a yi masa cikakkiyar ibada da kiɗansa. Sai ta nufi wajen ɗan mamacin, Reinhard, wanda ya iso daga birni da safe, ko injin motarsa bai huce ba. Ta same shi yana leƙa kabad ɗin uban. Ya ce gobe Asabar za a binne, ya riga ya gaya wa masu haƙa kabari, iyalinsa na jiransa su tafi hutu bakin teku.

"Inna, waƙa ce fa kawai. Baba ba zai ji ba."

"Kai ma ba ka taɓa ji ba, yana raye," ta ce.

Haushi ya hana ta kuka. Tana jin haushin Reinhard, tana jin na Fada, amma wanda ya fi ci mata rai shi ne Vinzenz. Mutum ya rasa ranar mutuwa sai ranar da shi da kansa ya rufe bakin ogan? Wajen shirya gawar, tana sa masa kwat ɗinsa na coci tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, har yatsunta suka taɓa ƙarfe a aljihun. Ta fito da makullin ta dube shi. Sannan ta cusa shi cikin tafin hannunsa, ta naɗe da carbinsa, ta ja hannun riga ta rufe.

Aka binne shi Asabar, ba ƙararrawa, ba waƙa. Sai ƙwas-ƙwas ɗin katakon da ake kaɗawa a madadin ƙararrawa. Reinhard ya tayar da mota kafin a gama mayar da ƙasa.

Safiyar Ista coci ya cika maƙil, mata da kwandunan ƙwai da burodi. An ɗauko wani makaɗi daga ƙauyen gaba, tun jiya ake neman makulli har ƙarƙashin benci, an kuma rasa mai ƙarfin halin fasa murfin ogan ɗin da ya girmi kakanninsu. Ƙararrawa ta ɗauka. Fada ya ɗaga murya ya fara waƙar ɗaukaka, ya dakata inda ogan ya saba karɓa. Shiru. Jama'a suka juya suna kallon sama.

Notburga ba ta juya ba. Tana zaune da kwandonta a cinya, yatsunta na bin kiɗan Vinzenz a hankali a kan murfin kwandon.