Shunpei Ya Dawo Ɗaki

Shunpei ya dawo da katifarsa gidana ranar Talata da yamma. A ka ya ɗauko ta tun daga gidan uwarsa. Ya cire takalmi a ƙofa, ya hau bene, ya shimfiɗa ta a kusurwar da ya kwana shekara goma sha biyu. Sannan ya sauko ya tsaya a kaina ina cin shinkafa.

"Baba, na dawo."

"Ka dawo ina?"

"Ɗaki."

"An tashi ɗaki tun watan huɗu. Kana wurin. Kai ka fi kowa cin kifi ranar."

"Na sani. Na dawo."

Matata Tomie ta zuba masa miya ba ta ko dube ni ba. Shekararsa ashirin da bakwai, ya fi ni tsawo, ya zauna ya sha.

A tsibirinmu, in yaro ya cika sha biyar ba ya ƙara kwana gidan ubansa. Ana haɗa shi da sa'o'insa a kai su gidan wani dattijo. Su ci abinci a gidajensu, su zo su kwana ɗaki ɗaya, har su fara aure ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe a tashi ɗakin. Ni na riƙe ɗaki sau uku. Ba a taɓa cewa yaron ɗakin Genzo bai iya gaisuwa ba.

Na ƙarshen su uku ne, don yara sun yi ƙaranci: Kaito, Naoya da Shunpei. Ranar da uwar Shunpei, Fusae, ta kawo shi, ta ja ni gefe ta ce likitan babban gari ya ce galahanga ce da shi, ba ya shiga mutane kamar sauran yara. Na ce mata ni zamana cikin jirgi ya fi zamana cikin aji, ban san wannan suna ba, amma na san yadda ake mayar da yaro mutum.

Ashe ban sani ba.

Kaito da Naoya suka yi duk abin da yara ke yi. Kokawa har suka ɓalla mini ƙofa. Suka sace mini giyar shinkafa suka cika kwalbar da ruwa. Suka yi wata guda ba sa magana a kan wata yarinya mai sayar da tikitin jirgin fito, daga baya ta auri ɗan sanda, suka shirya. Duk wannan Shunpei yana kusurwarsa, fuska ga bango, yana karanta ɗan littafin lokutan cikar teku da janyewarta. In jirgi ya shigo, ba ya leƙawa zai faɗi na wane ne, daga ƙarar inji kawai. Amma ka tambaye shi me ya sa Naoya yake kuka, sai ya ce, "Ruwa ne ke fita daga idonsa."

Na koya masa sunkuyawar gaisuwa. Ya koya. Yadda yake sunkuya wa shugaban masunta, haka yake sunkuya wa mage. Na koya masa zuba wa babba giya da hannu biyu. Yana zubawa, amma ba ya jira ka gama magana. Yaran ba su zalunce shi ba, ba zan bari ba. Sun ja shi wasa shekara ɗaya, biyu, suka gaji. Ya zama kamar kabad ɗin ɗakin: ana zagaye shi.

Sai bara abin ya fara. Yana aiki a rumfar busar da ciyawar teku, inda ba wanda ya kai shi sanin injin. Wata safiya aka ji ya fashe da dariya shi kaɗai. Aka tambaye shi. Ya ce labarin da Kaito ya ba su ne na mutumin da ya faɗa ruwa da wandon surukinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ba da labarin.

Bayan nan ya tare Kaito a bakin gaɓa ya tambaye shi wace yarinya yake so. Kaito yana da 'ya'ya biyu. Ya kuma iske Naoya yana tsaye da surukinsa da manyan ƙungiyar masunta, ya ɗaka masa duka a baya, ya kira shi Jiƙa-Katifa, sunan da Kaito ya laƙa masa tun suna sha biyar. Naoya yanzu shi ne mataimakin shugaba.

Abin da na yi shekara goma sha biyu ina jira, sai dab da tashin ɗaki ya zo.

Ranar Laraba da safe na naɗe katifar na kai ta gidan Fusae da kaina, da ciwon bayan nan nawa. Da yamma katifar ta dawo. Alhamis na sake kaiwa. Ta riga ni dawowa, don na tsaya shan taba a hanya.

Juma'a Fusae ta zo. Ta durƙusa a ƙofa, ta ƙi shigowa.

"Baba Genzo, ka yi haƙuri da shi."

"Haƙurin me? Ɗaki ba otal ba ne. Mutum ɗaya ba ya ɗaki."

"Na faɗa masa. Ya ce yanzu ya gane yadda ake yi." Ta gyara zama. "Tun da na haife shi bai taɓa neman mutum ba sai yanzu. In ya nema bai samu ba, bango zai koma, kuma ba na jin zai sake juyowa. Yayarsa ta ce in kawo shi babban gari, akwai gidan da ake ajiye irinsu. Wata mai zuwa."

"Irinsu? Yaron ɗakina ne irinsu?"

Ta tashi ta tafi.

Akwai wani kira da uban ɗaki ke yi. Ba ya faɗin dalili, cewa kawai yake, ku zo ɗaki. Duk wanda ya ji ya san ko mutuwa aka yi ko jirgi bai dawo ba, ya ajiye abin da ke hannunsa. Sau biyu na taɓa yin sa a rayuwata. Ranar Asabar da la'asar na yi na uku.

Kaito ya iso da takalmin roba, ɓawon kifi har gwiwar hannu. Naoya ya iso da baƙar kwat ta jana'iza, yana haki.

"Baba, Mama ce?"

Tomie ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ni ce me?"

"Ku hau sama," na ce.

Suka hau. Na bi su. Shunpei ya share ɗakin, ya ajiye matashi uku a inda kowa yake zama da. A tsakiya ya jera lemon kwalba mai ɗanɗanon kankana da busasshen kifi, abin da suke saye suna yara. Ya rubuta wasu abubuwa a takarda ya ajiye a kan gwiwarsa.

Naoya ya dubi lemon, ya dube ni. "Baba, wa ya mutu?"

"Ba kowa. Zauna."

"Na bar taro. Na ce musu rasuwa aka yi."

"Gobe ka ce musu mamacin ya farfaɗo. Zauna."

Suka zauna. Shunpei ya dubi takardarsa.

"Kaito, wace ƙungiyar ƙwallo kake so?"

"Ka sani mana, Shun."

"Ban tambaye ka ba da. Yanzu nake tambaya."

Kaito ya faɗa masa. Shunpei ya ce, "Ba su iya ba." Ya ɗaga kai ya jira. Tsokana ce. Da suna sha biyar da an tashi kokawa a nan. Kaito ya yi ɗan murmushi ya ce, "Gaskiya ne, bana ba su iya ba."

Shunpei ya sake duba takarda. Ya ba su labarin mutumin da ya faɗa ruwa da wandon surukinsa, kalma bayan kalma, har inda Kaito ya yi tari a wancan lokacin shi ma ya yi. Shi kaɗai ya yi dariya. Kaito ya taya shi daga baya, irin dariyar da ake yi wa baƙo. Sai Shunpei ya miƙe ya ce da Naoya ya zo su yi kokawa.

"Da wannan kwat ɗin? Ta haya ce."

"Cire ta," na ce.

"Baba, don Allah."

Wayar Naoya ta yi ƙara. Matarsa ce, tana tambayar ko ta kawo farar ambulan ta kuɗin ta'aziyya. Ba su kai awa ɗaya ba suka tashi. Lemo biyu ba a buɗe ba.

Na tare su a ƙofar gida. Na ce dare ɗaya a mako, ba yawa.

Kaito ya sosa ƙeya. "Baba, ƙaramar 'yata tana haƙori. Ƙarfe uku nake fita teku. In na ce wa matata Misato zan tafi kwanan ɗaki, kayana za ta biyo ni da su."

"Da ba ku ji tsoron mata haka ba."

"Da ba mu da su." Ya sunkuya. "Ba ƙin sa muke ba. In jirginsa ya lalace za mu zo, in uwarsa ta rasu mu za mu ɗauke ta. Amma abin da yake so, mun riga mun yi shi mun gama. Ba mu san yadda ake komawa ba."

Naoya ya ce, "Ga sabon ɗaki a gidan Matsuo. Yara huɗu, duk sha biyar. Irin hirar da yake so ke nan, su ma ita suke yi."

Matsuo. Shekara talatin ban taka gidansa ba, tun da ya ce a gaban mutane ragar kifina ta hau kan tasa. Ba ta hau ba.

Litinin na sa rigar kirki na tafi. Na same shi yana gyaran ƙugiya a tsakar gida. Bai tashi ba.

"Genzo. Ɓatan hanya ka yi, ko idon ne ya tafi?"

"Roƙo na zo."

"Sake faɗa, kunnen nan ya yi nauyi."

Na sake faɗa. Na sunkuya masa, ƙasa sosai, har bayana ya yi ƙara. Ya bar ni a haka ya gama ɗaure ƙugiyarsa. Sannan ya ce ƙato mai gemu cikin yara, iyaye za su yi magana. Na ce yaron bai taɓa ɗaga wa kowa hannu da mugunta ba, ni ne shaida. Ya ce sai ya tambaya. Kwana uku ina jira. Uwa ɗaya ta ƙi, Matsuo ya je ya lallashe ta da kansa, wannan kam dole in yaba masa. Ranar Alhamis ya aiko jikarsa ta ce an yarda, Shunpei ya zo yau, dare biyu a mako, a gani.

Na hau bene tun rana ba ta faɗi ba. Yana zaune a kusurwarsa, amma bayansa ne ga bango, fuskarsa ga ƙofa. Matashin Kaito da na Naoya suna nan inda ya ajiye su.

"Tashi. Na samo maka ɗaki. Gidan Matsuo."

"Su wa ke ciki?"

Na lissafa masa su. Ya san injin jirgin uban kowannensu.

"Shekararsu sha biyar," ya ce.

"Eh."

"Ni ashirin da bakwai."

"Na iya lissafi. Suna kokawa, suna tsokana, suna hirar 'yan mata. Ba shi kake nema ba?"

"Ba su san labarin wandon ba."

"Sai ka ba su. Sabo ne a wurinsu, za su yi dariyar gaske."

Ya murza gefen takardarsa. "Ba su ne suka yi mini magana ban amsa ba. Kaito da Naoya ne. Su nake so in amsa wa."

"Kaito da Naoya sun yi aure."

"Ranar farko ka ce 'yan ɗaki ɗaya 'yan'uwa ne har mutuwa. Ba ka ce har aure ba."

Na faɗa. Duk uban ɗaki yana faɗa. Ba wanda ya taɓa riƙe ni da ita sai shi.

"Shunpei, ka saurare ni. In ba ka je ba, wata mai zuwa yayarka za ta sa ka a jirgin fito. Can ba teku, ba rumfa, ba Kaito, ba Naoya. Ka gane?"

"Na gane."

"Na sunkuya wa Matsuo saboda kai. Ni. Matsuo."

"Na gode, Baba." Ya sunkuya mini, daidai yadda na koya masa.

Tomie ta kira daga ƙasa ta ce jikar Matsuo ta dawo, tana tambaya ko a ajiye masa wuri kusa da taga.

"Ana jiran ka," na ce. "Tashi mu je."

Ya dube ni cikin ido, abin da bai cika yi ba.

"A'a. Ba zan je ba."