Famfon Ambrose

"Ku tura, jama'a, saura ƙiris!"

Majiya ƙarfin layin suka sa kafaɗa, mai shayi har da buta a hannu. Babbar motar Sadisu ta yi tari sau biyu, ta fesa musu farin hayaki, sannan ta tashi. Aka yi ta shewa. Kullum safiya sai an yi wannan biki a Fagge, kowa na dariya ban da mai motar.

Sadisu ya riga ya yanke hukunci: famfon man da amininsa Ambrose makanike ya sa masa a motar jabu ne. Tare suka tashi, tare suka ci ƙwallo da duka, amma ranar da zuciya ta ɗebe shi, ya tsaya a tsakiyar masu kayan mota a Sabon Gari ya kira shi macuci. Tun daga nan ba gaisuwa. Abin na cin Sadisu, sai dai girman kai rawanin tsiya.

* * *

Ranar da motar ta ƙi tashi ko da turi, sai ga Ambrose da akwatin sifanu, ba wanda ya kira shi.

"Malam Sadisu, ba wajenka na zo ba. Wajen famfona na zo."

"To ku gaisa," in ji Sadisu, yana ɓoye murmushi.

Ambrose ya gwada batir, lafiya lau. Ya bi bututun mai tun daga tanki yana shafawa, ko iska na shiga, babu. Ya danna famfon hannu, ya sassauta noti ɗaya. Man da ya kamata ya yi tsartuwa sai ɗiga yake kamar hawaye.

"Ka gani? Mai ba ya zuwa da ƙarfi!" Sadisu ya daka tsalle.

"Kwantar da hankalinka, alƙali."

Ya kwance filta, sai ga ta a toshe da baƙar laka. Ya tsiyayi man tanki a gorar ruwa, ya ɗaga ta a rana. Man ya rabu biyu, ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya kai ta hancin Sadisu: warin kananzir zalla.

"Famfo ba ya tura abin da bai samu ba, mutumina."

Aka juye tanki, aka sa sabuwar filta da gas mai kyau, aka fitar da iska. Murɗa makulli ɗaya, ta ɗauka. Layin ya kaure da ihu. Sadisu ya rungume Ambrose, baƙin mai ya ɓata farar rigarsa, ko a jikinsa.

"Ka yafe ni. Gobe a kasuwar zan faɗa, inda na ɓata ka."

"Da lasifika, ka ji? Kuma tsire na kanka."

* * *

Suna cikin cin tsiren a gindin motar, Ambrose ya lashe yatsa.

"Wai wane mara imani ne ya sayar maka da wannan man? Faɗi sunansa, kada ya kashe motar wani."

Sadisu ya dubi tsallaken titi. Ƙaninsa Abdulnasir, ɗan bumburutu, wanda Sadisu yake sayen mai a wajensa don zumunci, yana ɗura wa wata motar ɗalibai daga jarka. Ya hango yayansa, ya ɗago hannu da fara'a.

"A hanya na saya," in ji Sadisu. "Ban san shi ba."

Ya tura wa Ambrose sauran naman, ya ce ya ƙoshi.