Layin da Ndaliman bai rubuta wa sakamako ba

Malama Rose, shugabar makarantar su Husna, ta ce ƙarfe biyu za ta rufe fom ɗin jarrabawar shiga sakandare. Abu ɗaya ya rage mana, ranar haihuwar yarinyar.

"Maman Husna, ki je kotu ki rantse kawai," in ji ta. "Kowa haka yake yi."

Ni kuwa ba zan ɗora hannu a kan Alƙur'ani in faɗi ranar da na ƙirƙira ba. Katin asibitin da na haife ta ya bi ruwa tun shekarar da kogin Chanchaga ya shigo mana ɗaki. Na san Lahadi ce, na san an fara zafi, sauran ya ɓace mini, don haihuwar ta kusa tafiya da ni.

Na dawo gida sha biyu saura, na zazzage akwati, na ɗaga katifa, na sake zazzage akwatin kamar zai haifi wata takarda. Husna sai bin bayana take.

"Mama, a duba littafin Baba mana."

Raina ya ɓaci. Littafin nan shi ne abin da mijina Ndaliman ya ɗora a ka ranar ambaliya, ya bar takardunmu suna iyo. Mutum yana gyaran rediyo a Tunga, bai taɓa wuce Kaduna ba, amma ya ɗauki ƙungiyar ƙwallon Bolton ta Ingila ya sa a ransa. Tun 1999 yake rubuta kowane wasa, na lig daban da shuɗin biro, na kofi daban da ja. Ka tambaye shi shekarar da muka yi aure sai ya sosa ƙeya. Ka tambaye shi shekarar da suka hau babban rukuni, kafin ka rufe baki ya ce 2001. Da suka faɗo a 2012 kwana uku bai ci tuwon kirki ba. Bara ya rasu, ban ƙara taɓa littafin ba.

Kuma ina da tsohon haushi. Ranar da na haihu, na farfaɗo ban gan shi ba. Yayarsa ta ce wataƙila yana gidan kallo, ai yau ne wasan ƙarshe na kofi. Shekara tara ina yi masa gorin wannan, shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da murɗa rediyonsa.

Nan na tsaya cak. Wasan ƙarshe! In dai wasa ne, to ya rubuta ranar.

Na fizge littafin daga kan kabad. Ƙarfe ɗaya ta wuce, shafuka na mannewa. Husna ce ta gano kakar 2003 zuwa 2004, ta bi jan biro da yatsa har ƙasa. Kowane layi da sakamakonsa, ban da na ƙarshe. An rubuta 29 ga Fabrairu, karawa da Middlesbrough, sai ƙananan haruffa da suka gangara har gefen takarda.

"Karanta," na ce, don idona ya ƙi.

Ta karanta a hankali: "Ban kalla ba. Matata Kafayatu ta zubar da jini, an ɗebi nawa leda biyu, jiri ya kwantar da ni a benci. Mace ta haifa. An ce an ci mu, ban tambayi nawa ba."

Na zauna a ƙasa. Wallahi kunya ta kama ni, ga shi babu wanda zan ba haƙuri.

"Mama, biyu saura kwata."

Muka tare keke napep a bakin titi. Husna ta rungume littafin a ƙirji, ni kuma ina ta ce wa mai keken ya ƙara wuta, ina share fuska da bakin mayafi.