Maganin Tsatsa

Ku yi haƙuri da ni. Karatu na iya, rubutu kuwa yau na fara. In na yi tuntuɓe, ku kau da kai.

Auta tana aiki a ɗakin gwaji, inda ake ɗiga wani sinadari rawaya, irin wanda ke cikin ɓawon albasa, a kan ƙwayoyin ƙoda da ake reno cikin faranti, a ga ko zai hana su lalacewa. Babanta mai walda ne, ƙodarsa kuma ta fara gajiya. Ranar da ya tambaye ta aikinta, sai ta lalubo kalmar da zai gane.

"Baba, jiki ma yana tsatsa, kamar ƙarfe. Abin da zai rage ta muke nema."

Ya yi dariya har da tari. "Na ƙare rayuwata ina kankare tsatsar ƙofofin mutane, ashe tawa tana ciki. To, Likita, ɗebo mini cokali ɗaya."

"Ni ba likita ba ce. Kuma ba a gwada shi a jikin mutum ba."

"Ni kujera ce? Gwada a kaina."

"Sai sakamako ya fito, Baba."

Ta san ko ya fito, tsakanin faranti da bakin mutum akwai shekaru. Amma ta ga yadda fuskarsa ta washe, sai ta haɗiye maganar.

Tun daga nan ɓawon albasa ya daina shiga shara a gidan. Inna na yanka, shi yana tsincewa, har maƙwabta ya sa aiki. "Kada kayan aiki ya yanke wa yarinya," in ji shi. Auta ta kasa gaya masa cewa a kwalba ake kawo musu sinadarin, tatacce, daga kamfani.

Kullum ta dawo, tambayarsa ɗaya: "Ya faranti?"

"Yana nan, Baba."

Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, bai daina tambaya ba. Har ya rasu.

Safiyar da za ta koma aiki, Inna ta miƙo mata leda cike da ɓawo. "Ya ce a ba ki. Da kansa ya shanya."

A ɗakin gwaji ta tarar an yi cincirindo. Dogo, abokin aikinta, ya yi mata ta'aziyya, amma murna ta ƙi ɓoyuwa a fuskarsa.

"Zo ki leƙa, Auta. 'Ya'yanki sun ƙi mutuwa. Farfesa har ta aika a sayo lemo."

Ta sa ido a madubin da ke ƙara girman abu. Ga ƙwayoyin ƙodar nan kwance, cif, lafiya lau. Amsar da aka daɗe ana jira ta hau bakinta, babu wanda za ta kai wa.

Ta rataye farar rigarta, ta rungume jakarta don kada ledar ɓawon da ke ciki ta yi ƙara. Ana cikin raba kofuna ta fita, ta ja ƙofa a hankali.