Akawun ɗin Marigayi Obi

Ranar da Kevin ya share sunayen matattu da na waɗanda suka bar aiki daga kwamfutar makarantar, har yaba wa kansa ya yi. Sabon ma'aikaci ne, ka dai san su da rawar kai. Makarantar ƙarama ce a Sabon Gari, ta Madam Nnenna, kuma duk makin yara tun kafuwarta yana cikin wata tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar ajiya, da ke nishi a ƙarƙashin teburin ofis, wadda ko kamfanin da ya yi manhajarta ya daɗe da sallama ta.

Da ya leƙa ciki sai ga akawun, wato sunayen da ake shiga na'urar da su, birjik. Ga Bolanle da ta yi aure ta koma Ibadan, ga Iyke direba da aka kora, ga kuma Mista Obi, mijin Madam, wanda aka binne shekarun baya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, na'urar na nuna wai Mista Obi yana shigowa kowace safiya. Ya ce ai shi ke nan, ɓarayin intanet sun samu ƙofa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, ya wuce cin abinci.

Washegari firinta ta yi gum. Kafin ya gama jijjiga wayar da ke haɗe da ita, malamai suka cika ofis, wai jakar maki da ke cikin kwamfutar ta ƙi buɗuwa. Ga shi ranar Juma'a iyaye za su zo karɓar sakamakon jarrabawa. Ya kashe na'urar ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, har ya hura mata iska da baki. Ina! Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ya tari ɗan acaɓa sai Samaru, wurin Sati, wanda ya riƙe aikin kafin shi, yanzu kuma yake gyara wa ɗalibai kwamfuta a wani shago. Sati ya saurare shi baki buɗe, sannan ya ajiye sukundireba.

"Ƙanena, Bolanle ka goge? Ai Bolanle ce firinta."

Kevin ya ce bai gane ba. Sati ya yi masa bayani cewa marigayi Obi mutum ne mai kafiya, ya hana a buɗe akawun da ba sunan mutum ba, wai kowane suna sai da mai shi, wanda za a kama idan an yi ɓarna. To ita kuma saba tana da ayyukan da take yi da kanta, kowanne sai da akawun. Shi ya sa duk wanda ya bar aiki, sai Sati ya ɗora wa sunansa wani aikin. Da Kevin ya tambayi aikin Iyke, Sati ya sosa ƙeya ya ce ko saita agogo ne, ko kuma wata Tosin ce ke agogo shi Iyke yana zaman banza, wallahi ya manta. Amma na Mista Obi bai manta ba. Da hannunsa marigayin ya kulle jakar maki da akawun ɗinsa, har da kwafin ajiya. Da ya rasu, Sati ya rasa yadda zai cire kullen, sai ya saita akawun ɗin ya riƙa shiga da kansa da safe yana buɗe wa malamai.

"Oga Sati, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa ya san za ka taɓa?"

Kevin ya dawo Sabon Gari kansa na juyawa. Ya buɗe sabon akawun da sunan Bolanle, ya haɗa shi da firinta, sai ga takarda ta fito, har ya fara murmushi. Ya buɗe sabon Obi, harafi bai canja ba, kalmar sirrin ma wadda Sati ya ba shi ce. Jakar maki ta ce ba ta san shi ba. Ya gwada da manyan haruffa, ya gwada da ƙanana, amsar dai ɗaya ce.

A haka Madam Nnenna ta same shi. Ta tsaya a bayansa ta tambaya ko sakamako zai fita ranar Juma'a. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ya faɗi gaskiya. Ya ce na'urar ba suna take dubawa ba, kowane akawun tana ba shi wata lamba a ɓoye ranar da aka buɗe shi, lambar Mista Obi kuwa ta tafi da gogewar. Makin wannan zangon sai dai malamai su sake haɗawa daga takardun jarrabawa. Na shekarun baya kuwa, bai san hanyar da za a bi ba.

Ta daɗe tana kallon sunan mijinta a allon. Kevin ya zaci kora ce za ta biyo baya, har ya fara laluben makullin ofis a aljihu.

"Wannan ba shi ba ne ke nan?"

"Ba shi ba ne, Mama."

"To cire shi," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Kar ka bar mini wani Obi a ciki."

Ta fita ta ce a kira mata malamai su zo da takardun yara.