Bugu Biyu a Kan Dutse

Sau uku 'yarsa tana zuwa ta tafi da shi birni, sau uku tsohon yana ƙi. A na huɗun ta bi shi gona da la'asar, tana ɗage zani saboda ƙaya.

"Baba, gonar nan ko akuya ba za ta ƙosar ba. Me ka binne a ciki?"

Ya zauna kan wani faffaɗan dutse a bakin iyaka. Gidajen bulo sun cinye gonakin maƙwabta kaf, tasa kaɗai ta rage.

Ya ce mata a da, lokacin da garin bai wuce layi biyu da injin niƙa ɗaya ba, manomi ba ya tashi haka kawai. Sai ya buga ƙotar fartanya sau biyu a dutsen iyaka, maƙwabci ya amsa da biyu. In ba a amsa ba, ba ka tafiya gida. Ka bi sawu ka dubo shi.

"Maƙwabcina Dogo ne. Ranar da aka haife ki na buga, shiru. Ɗoki ya hana ni jira, na ce rashin jinsa ne ya motsa. Ashe tsohuwar rijiya ce ta rufta da shi. Kwana biyu kafin a gane."

"Allah ya jiƙansa. Amma Baba, shekara arba'in fa."

"Kullum sai na buga. Ba a amsa mini ba, ta yaya zan tafi?"

"To buga na ƙarshe, direba na jira."

Ya ɗaga fartanya. Ƙwas, ƙwas.

Iska ta tsaya cak. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Can daga ƙarƙashin katangar da aka gina kan rijiyar, amsa ta zo a hankali, kamar daga cikin tulu. Sau biyu.

Tsohon ya dubi 'yarsa, ya ga ita ma ta ji. Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Ya miƙe.

"Ya amsa. Mu tafi, uwata."

Ba su yi taku goma ba suka sake jin bugun, sau biyu, a kan dutsen da ya tashi daga kai.

Ta damƙe hannunsa. "Kar ka amsa, Baba!"

"Yanzu shi ke tambaya," ya ce. "In na yi shiru, biyo sawu zai yi. Dogo bai taɓa karya ƙa'ida ba."